Facin da Ba Shi da Suna

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da Mama Kabula a Mwanza, kuma a tsawon shekarun nan doka ɗaya ce na san ba ta wasa da ita: ba a taɓa kwamfutar asibiti da hannu. Kana iya zuwa ofis a makare, kana iya cin wainar ƙwai da dankali a kan teburinka har maiƙo ya ɓata takardu, za ta harare ka kawai ta wuce. Amma ka zauna gaban na'urar wani asibiti ka buɗe manhaja ka canza ko da harafi ɗaya, to ka taɓo ta. Duk gyara sai ya bi ta faci.

Manhajar da muke kula da ita tana tura wa mata saƙon waya, ta tuna musu ranar kai jarirai rigakafi. Tana cikin ƙananan asibitoci ashirin da huɗu a gefen tafki, wuraren da intanet ke zuwa yadda ya ga dama. Ba a iya aika musu sabuwar manhaja ɗungurungum, sai dai bambancin. Akwai wata 'yar na'ura da muke kira dif, ka ba ta tsohon fayil da sabo, ta fitar maka da layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara. Wannan ɗan fayil ɗin shi ne faci. A samansa akwai layin sunan mai shi, da layin rana, da ɗan bayani. Sai wata na'urar kuma mai liƙa shi a can asibiti. Ita mai liƙawar tana da taurin kai: kafin ta saka gyara sai ta duba layi uku na sama da uku na ƙasa, ta tabbatar nan ne wurin. In ta tarar an taɓa su, ba ta sakawa. Sai ta tattara guntun da ta ƙi, ta ajiye maka a wani fayil a gefe, ta kuma faɗa maka ƙiri-ƙiri cewa bai shiga ba.

Ni ne mai liƙa faci a asibitoci, ni ke riƙe da mabuɗin shiga na'urorin, kuma ni ke koya wa sababbi aiki. Don haka da Nyamizi ta zo gwajin wata uku, gefena aka ajiye mata kujera. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da wani ɗan littafi da take rubuta duk abin da na faɗa, har abin ya riƙa fasa min kai. Tun ranar farko take ce min Yaya Masanja. A makon farko na koya mata cewa faci ba ya fita sai da sunan mai shi, kuma ba ka sa sunan wani da hannunka, ko da ka san nasa ne. Na faɗi wannan ina karkaɗa yatsa kamar wani waliyyi, ita kuwa ta rubuta.

Abin da ban gaya mata ba, ban kuma gaya wa kowa ba, shi ne abin da na yi a watan Fabrairu a wani ƙaramin asibiti a tsibirin Ukerewe. Ma'aikaciyar jinyar wurin, Sista Nyanjige, ta tsare ni da ƙorafi cewa saƙonmu yana zuwa ana gobe rigakafi, alhali matan ƙananan tsibirai sai sun nemi kwalekwale, kwana ɗaya ba ya isar su. Ta soya min karfasa, kifin da muke kira sato, ta tuƙa ugali, tuwon masararmu, tana ta roƙo. Ni kuma ga son a ce na iya. Na wanke hannu na zauna, na canza layi uku don saƙon ya riƙa tafiya kwana biyu kafin ranar. Na ma rubuta a gefensu, na ɗan lokaci ne, kamar yadda na saba rubutawa a kan duk abin da ba ni da niyyar komawa kansa. Na ce in na koma ofis zan mayar da shi faci yadda ya kamata. Na koma ofis na manta.

Da Nyamizi ta kusa cika wata ukunta, Mama Kabula ta ba ta aiki na gaske na farko. An ƙara sabuwar allura a jadawali, an kuma ɗaga ranar kawo magani daga Talata zuwa Alhamis. Nyamizi ta yi kwana shida a kai. Ta gwada a na'urar ofis ya fi sau goma, komai daidai. Facin nata gunta huɗu ne, tsaf da shi, har na ji ɗan kishi. Al'adarmu ita ce a fara gwadawa a asibiti ɗaya kafin sauran, kuma aka ce a fara da na tsibiri. Ranar wata Laraba na hau jirgin ruwa na safe da facin a aljihuna.

Na liƙa shi wajen ƙarfe ɗaya na rana. Gunta na ɗaya ya shiga, na biyu ya shiga, na uku ya shiga. Na huɗu na'urar ta ce bai shiga ba, ta ajiye shi a gefe. Ina ganin lambar layin na gane unguwar. Daidai gefen layukana uku ne. Na'urar ta zo neman layukan da ta sani, ta tarar da aikin hannuna, ta ƙi.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In buga wa ofis waya in ce ga abin da na yi a Fabrairu, a gyara facin a sake turowa. Amma na hango fuskar Mama Kabula, na hango Nyamizi da ɗan littafinta. Jirgin komawa kuma saura minti arba'in, ga ɗan acaɓa yana ta danna min oda a bakin ƙofa. Sai na goge fayil ɗin da na'urar ta ajiye. Ko buɗe shi ban yi ba in ga me ke ciki, wannan ne ma ya fi ba ni kunya in na tuna. Na ce wa kaina ƙila gyaran rubutu ne kawai, zan dawo mako mai zuwa in daidaita. A cikin jirgi na tura wa ofis saƙo cewa ya shiga lafiya lau.

Gunta na huɗun nan shi ne mai canza rana.

Ranar Talata da hantsi Sista Nyanjige ta kira wayar ofis, muryarta har teburina. Mata arba'in da uku a tsakar asibiti da jarirai a baya, wasu tun asuba suka baro gida a kwalekwale, kowacce da saƙonmu a wayarta yana cewa yau ne. Magani kuwa sai jibi. Ta ce wata tsohuwa da ta kawo jikokinta biyu ta rantse ba za ta sake dawowa ba, ta ce su da wayoyinsu su je su yi wa kansu allurar. Mama Kabula ta saurara har ƙarshe, ta ba da haƙuri sau uku, ta ajiye wayar a hankali, sannan ta kira mu biyu ofishinta.

Ni ta fara tambaya ko facin ya shiga duka. Na ce ya shiga. Ta tambayi Nyamizi ko ta gwada, ta ce ta gwada, ta buɗe littafinta tana nuna ranaku. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma shirun da ya biyo baya ya yi min nauyi, sai bakina ya ci gaba da kansa.

"Mama, kin san yaran yanzu," na ce. "Gwajin ofis daban, na fili daban. Kuskure ne na sabon hannu, kowa ya yi shi."

Nyamizi ta juyo ta kalle ni. Ba harara ba ce, kallon wanda ke jiran a ƙarasa bayani ne, har ta ɗaga biro za ta rubuta. Mama Kabula ta ce kuskuren sabon hannu a ofis ake yin sa, ba a bayan jarirai arba'in da uku ba. Ta dakatar da facin daga sauran asibitocin. Ta ce wata ukun Nyamizi zai cika Juma'ar mako mai zuwa, a ranar za ta faɗi ko tana nan ko ba ta nan, kuma ba ta ɓoye mata ba cewa yadda abin yake yanzu, tafiya ta fi kusa.

Sauran kwanakin makon Nyamizi ta yi su tana bin facinta layi-layi tana neman laifin da babu shi. Sau biyu ta matso da kujerarta ta ce, Yaya, don Allah duba min nan, ko akwai abin da idona ba ya gani. Ni kuma na duƙa na duba, ina gyaɗa kai, ina cewa a dai ci gaba da nema. Shirima, abokin aikinmu mai baki kamar rediyo, ya laƙaba mata suna Madam Talata. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa ƙarfi.

Ban san ta je tsibirin ba sai ranar Litinin. Ashe Asabar ta hau jirgin safe ita kaɗai, ta roƙi Sista Nyanjige ta kwafo mata fayil ɗin yadda yake a na'urarsu, ta dawo da jirgin yamma. Ba ta buƙatar wani malami daga nan. Ta ba dif fayil ɗin ofis da na tsibiri, ya zube mata komai: gyaranta na huɗu babu shi, ga kuma wasu layuka uku da ba a san da su ba a ofis, da rubutun na ɗan lokaci ne a gefensu. Duk ofishin nan ba wanda bai san wannan rubutun ba.

Litinin da safe, ina cikin tsoma andazi, irin fanken nan namu, a shayi, saƙo ya shigo min daga gare ta, ni kaɗai. Faci ne. Ta ɗauki layukan nan nawa uku ta mayar da su faci mai tsafta, irin wanda ya kamata in yi tun Fabrairu. A wurin bayani ta rubuta cewa wannan gyara yana sa saƙo ya tafi kwana biyu kafin rigakafi saboda masu jiran kwalekwale, an yi shi da hannu a tsibiri, shi ya hana gunta na huɗu shiga, kuma gyara ne mai amfani da ya kamata sauran asibitocin bakin ruwa su samu. Layin suna kuwa ta bar shi fili.

Na ɗago. Tana nan gefena, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba, idonta a kan allo.

"Ba nawa ba ne, Yaya," ta ce a hankali, ba ta juyo ba. "Ba zan iya tura shi haka ba."

Na ce zan duba. Wallahi abin da na ce ke nan, zan duba, kamar ta kawo min takardar neman hutu.

Litinin ta wuce ina dubawa. Talata na ƙirƙiri aiki a wani asibiti a hanyar Magu don kada in zauna kusa da ita, na yini a can ina goge ƙura a na'urar da lafiyarta ƙalau. A cikin daladala, ƙaramar bas ta haya, ina dawowa na tsara yadda zan faɗa wa Mama Kabula, na tsara sau biyar, kowanne tsari na fito a cikinsa da ɗan mutunci. Har na fara jin haushin Nyamizi. Wa ya aike ta tsibiri? Me ya sa ba ta kai wa Mama kai tsaye ba, a yi min wankin babban bargo a wuce wurin? Da ta yi haka da na samu abin riƙewa, in ce yarinya ta kai ƙarar wanda ya koya mata aiki. Ta hana ni wannan, ta bar ni ni da fili ɗaya a saman fayil.

Laraba da safe na ga ta shigo da kwalin sabulu babu komai a ciki, ta tura shi ƙarƙashin teburinta. Shirima ya tambaye ta ko Madam Talata ta fara sana'ar sabulu ne, ta yi murmushi ta ce ai gara mutum ya shirya. Ranar na buɗe facin ya kai sau ashirin. Na rubuta harafin farko na sunana na goge. Alhamis matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ke damuna, don na tashi daga kan abinci ban ci rabi ba. Na ce aiki ne ya yi yawa.

Juma'a ita ce ranar karatun faci. Bayan shayin ƙarfe goma ake janyo kujeru, a haska faci a bango, Mama Kabula ta sa tabarau ta karanta duk facin da aka turo a makon, daga layin farko har na ƙarshe, mai shi kuma ya miƙe tsaye har a gama. Ba ta tsallake komai, ko waƙafi. Bayan karatun ne za ta yi maganar Nyamizi.

Ƙarfe goma saura kwata na rubuta Masanja Lugiko a layin suna na tura. A ƙasan raina, in faɗi gaskiya, akwai wani ɗan daɗi. Na fara ganin kaina a matsayin mutumin da ya gano kuskurensa da safiyar nan ya fito ya ceci yarinya a kan lokaci. Har na shirya yadda zan sunkuyar da kai.

An karanta na Shirima, an karanta wani. Sai nawa ya hau bango. Mama Kabula ta karanta sunana, na miƙe. Sannan ta sauko layi na biyu, layin da na yi shekara tara ina wucewa ta kansa ban taɓa kallo ba, don na'ura ce ke cika shi da kanta a lokacin da aka haɗa facin.

"Litinin," ta karanta. "Ƙarfe takwas da minti goma na safe."

Ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta dube ni ta samansa, sannan ta dubi Nyamizi, sannan ta dubi kwalin da gefensa ya leƙo daga ƙarƙashin tebur.

"Shirima, yau wace rana?"

"Juma'a, Mama," ya ce. Karon farko ke nan da na ji an yi wa Shirima tambaya ya amsa da kalma biyu.

Ta mayar da tabarau ta ci gaba. Ta karanta bayanin, wanda duk mai kunne ya san ba salon rubutuna ba ne. Ta karanta layukan uku, har da na ɗan lokaci ne, da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Ni ina tsaye, ban san inda zan ajiye hannuwana ba. Da ta gama ta tambaye ni ko na'urar ta faɗa min gunta na huɗu bai shiga ba. Na ce ta faɗa. Ta tambayi inda fayil ɗin da ta ajiye yake. Na ce na goge. Ta gyaɗa kai kamar mai jin farashin tumatir.

"Gyaran yana da kyau, za mu ɗauka," ta ce. "Taɓa na'ura da hannu kuma, na san abin da ake yi wa mai shi, ka ajiye min mabuɗi a kan teburina. Gogewar ma zan iya cewa tsoro ne na minti ɗaya. Amma ɗana, kwana huɗun nan fa? Kana zaune kusa da ita."

Ba ta jira amsa ba. Ta ce Nyamizi tana nan, ita za ta koma tsibiri ranar Litinin ta liƙa facin biyu, nawa da nata, ni kuma in bi ta in tsaya gaban Sista Nyanjige da matan in faɗi abin da ya faru da bakina. Ta kira faci na gaba. Na zauna, ba wanda ya kalle ni, kuma na gwammace a ce sun kalla.

Da aka watse kowa ya samu abin yi a waje, har Shirima. Muka rage mu biyu a teburinmu. Nyamizi ta janyo kwalin tana ɓalle gindinsa don ta naɗe. Na ce mata ta yi haƙuri. Na faɗa sau biyu. Sannan, da yake ban iya barin baki ya huta ba, na tambaye ta me ya hana ta kai wa Mama tun Litinin, ai da ba ta sha wannan zullumin ba.

Ta buɗe ɗan littafinta, can farko-farko, ta juyo min da shafin. Rubutunta ne, maganata ce, har ta ja layi a ƙarƙashi: ba ka sa sunan wani da hannunka.

"Na ɗauka da gaske kake," ta ce. "Litinin na ce kafin azahar zai sa. Talata na ce kunya ce, gobe zai sa. Laraba na daina jira."

Ta rufe littafin ta jefa shi a aljihun tebur, inda muke tara tsofaffin wayoyin caji. Ta jingina naɗaɗɗen kwalin a bayan ƙofa, ta dawo ta zauna ta buɗe jadawalin jirgin ruwa.

"Na ƙarfe tara za mu hau ranar Litinin," ta ce. "Ya yi maka, Bwana Masanja?"

Bwana, yadda muke kiran baƙon da ya shigo ofis. Na ce ya yi. Yau shekara biyu ke nan muna zaune a tebur ɗaya, an mayar min da mabuɗina tuntuni, muna gaisawa, muna raba andazi. Ba ta sake ce min Yaya ba.